Awa 6 a Makaranta, Awa 18 a Hannunmu

  Sharhinmu na yau kan iyayen 'yan firamare ne, da abin da ya rataya a wuyansu kullum, tun daga wayewar gari har kwanciyar barci.

Mu fara da ɗan lissafi. Ɗan firamare yakan yi awa 5 zuwa 6 a makaranta, Litinin zuwa Juma'a, ranar Juma'a ma da wuri ake tashi. Sauran awa 18 na yini yana hannunmu. Ga Asabar da Lahadi, ga hutu sau uku a shekara. In aka tattara duka, zaman da yaro ke yi gaban malamin boko bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na shekara ba. Amma ranar da aka kawo katin sakamako, muka ga jan biro ya yi yawa, sai mu ce malamai ba sa koyarwa, gwamnati ta kashe ilimi. Malamai da gwamnati suna da nasu kason laifin, za mu kuma zo kansu. Yau dai da namu kason za mu fara, domin shi ne mafi girma, kuma shi ne wanda ba sai mun jira kasafin kuɗi kafin mu gyara ba.

Maganar kai yara makaranta tsohuwa ce a ƙasar nan. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara a Sakkwato da shirin ilimin bai-ɗaya, sannan a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce shekara 9 na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta ma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake kuma naira 5,000 ko wata biyu. A nan Adamawa, gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri, wadda ta hau a 2019, ta ayyana karatu kyauta a makarantunta, tana kuma biya wa ɗalibanta kuɗin jarrabawar kammala sakandare.

To amma doka iyakarta ƙofar makaranta. Tana iya tilasta wa uba ya rubuta sunan ɗansa a rajista, ba za ta iya shiga ɗakinsa da dare ta ce ya duba littafin yaron ba. A nan matsalar take. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa yara kusan miliyan 10 da rabi a Najeriya ba sa zuwa makaranta, kuma kowa na maganarsu. Waɗanda ba a cika maganarsu ba su ne masu sa yunifom kullum, su tafi su dawo, shekara ta zagayo a ciyar da su gaba, alhali ba su iya haɗa baƙi ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Kowannenmu ya san irin wannan yaro. Wani ma yana cikin gidansa, bai dai gwada shi ba ne.

Saboda haka bari mu bi yinin yaro daki-daki, mu ga inda hannun uwa da uba ya kamata ya shiga.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Safiyar ɗan makaranta ma tun dare ake shirya ta. Yunifom a wanke, takalmi a ajiye wuri guda, fensir da littafi a cikin jaka, ruwan wanka a ɗebo. Gidan da ba a yi haka ba, kowa ya san yadda safiyarsa take: ana neman safa ƙafa ɗaya, uwa na faɗa, yaro na kuka, mai keke na danna oda a waje. Yaron da ya fita daga gida da hawaye da zagi a kunnensa, darasin farko ya riga ya wuce shi.

Sai barci. Likitocin yara sun ce mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron da za a tasa da asuba, ke nan bai kamata ya wuce ƙarfe 8 na dare idonsa biyu ba. Mu duba unguwanninmu. Ƙarfe 10 ta yi, 'yan aji uku suna gidan kallon ƙwallo, ko suna kwance da wayar uwa suna kallon TikTok, ko an kawo wuta an kunna talabijin, babba da yaro an jeru. Gobe malama ta ga yaro yana gyangyaɗi ta ce malalaci ne, alhali barcin da aka hana shi jiya yake ramawa. Mun san zafin Yola. A watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, dole a kwana a tsakar gida. To a shimfiɗa wa yara tun da wuri, a ɗaura musu gidan sauro, manya su rage murya. Zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan abubuwan da ke hana yaranmu zuwa aji, musamman da damina, kuma sati ɗaya a kwance ya isa a wuce yaro babi guda na lissafi.

Gari ya waye, an yi salla ko addu'ar safe, sai karin kumallo. Ba ma bukatar wanda zai zo daga waje ya koya mana shi. Kunun gyaɗa da muka gada, koko da ƙosai, ɗumamen tuwon jiya, ɗan dankali ko rogo dafaffe, duk sun wadatar. Abin gudu shi ne a sallami yaro da ciki wayam, a miƙa masa kuɗin tara a ce ya saya a can. Sau da yawa kuɗin a alewa da ƙanƙara mai kala suke ƙarewa, kafin ƙarfe 11 yunwa ta rufe masa ido. Wasu iyaye sun saba da shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, amma an dakatar da shi a farkon 2024. Kada a tura yaro da sa ran tukunyar gwamnati. A haɗa masa da gorar ruwa mai tsabta kuma, domin makarantu da yawa ba su da famfo, kuma ruwan da ba a san asalinsa ba shi ke kawo amai da gudawa.

Daga nan sai hanya. Wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Jimeta wajen ƙarfe bakwai da rabi ya ga abin da nake nufi. Keke napep mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, an cusa masa yara takwas ko tara, biyu a gefen direba, ɗaya jakarsa na reto a waje, ƙaramar cikinsu tana bisa cinyar yayarta tana riƙe da kwanon abinci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya ninka, iyaye suka koma haɗa kuɗi su ɗauki mai keke ɗaya na wata. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Ka san mai keken da idonka, ka san gidansu, ka riƙe lambar wayarsa, ku kuma yi yarjejeniya kan yawan yaran da zai ɗauka. Masu zuwa a ƙafa kuma a haɗa su rukuni, babba ya riƙe hannun ƙarami wajen tsallaka titi, a kuma gaya musu ƙarara cewa ba a shiga motar wanda ba a sani ba, ko ya ce Baba ne ya aiko shi. Da damina, in kogin Binuwai ya cika, musamman lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru kamar yadda muka gani a 2012 da 2022, iyayen da ke unguwannin bakin kogi su riƙa raka yara, su kuma hana su wasa a kwalbati da kududdufi.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu yi wa kanmu faɗa a kanta, wato fashi. An koma hutu, sai ka ji uwa na cewa, "Bari sai sati mai zuwa, ai satin farko shara kawai suke yi." Malami kuma ya shigo aji ya tarar da yara goma cikin sittin, ya ce ba zai fara darasi ba sai sun cika. Kowa na jiran kowa, sati biyu sun tafi a banza. Ga fashin biki, ga na suna, ga na "raka ni asibiti", ga na shuka da girbi. Karatun firamare hawa-hawa ne. Wanda ya rasa ranar da aka koyar da tarawa mai ajiye ɗaya, zai sha wuya a ɗebewa, ya zo ya tsani lissafi gaba ɗaya, a ce ba shi da kai. Haka latti yake. Mafi yawan makarantu da safe suke sa Turanci da lissafi, lokacin da ƙwaƙwalwa ke da sanyi. Mai zuwa ƙarfe 9 kullum, waɗannan biyun yake asara.

An tashi, yaro ya dawo cikin rana tsaka. A nan a tausaya masa. Ya cire yunifom, ya watsa ruwa, ya ci abinci, ya ɗan kwanta. Yaran Musulmi suna da Islamiyya ko makarantar allo bayan la'asar, 'yan'uwanmu Kirista suna da nasu darussan na coci, wasu iyayen kuma sun ƙara da lesin. Duka alheri ne, amma a bar wa yaro ɗan lokacin wasa da tsararrakinsa, a inda ido ke ganinsa. Yaron da aka yi ta jansa daga wannan aji zuwa wancan tun asuba har isha, jikinsa ne kawai ke zaune gaban malami.

Ba za mu tsallake maganar talla ba. Na san ba don jin daɗi uwa ke ɗora wa 'yarta farantin gyaɗa ko awara ba. Gidaje da yawa da wannan cinikin ake sayen magi da gishiri, wani lokaci ma da shi ake sayen littafin makarantar. Wanda bai san wannan ba bai san halin da ake ciki ba. Amma akwai iyaka. Kada talla ta ci lokacin aji, kada ta kai yarinya tasha ko bakin kasuwar Jimeta bayan magariba, kada kuma a ce kullum mace ce mai talla da wanke-wanke, namiji yana gefe da littafi. Su ma mazan a san inda suke. Duk mazaunin Yola da Jimeta ya san ta'asar 'yan shila, ya kuma san da yawansu yara ne ƙanana. Babu wanda aka haifa da wuƙa a hannu. Daga fashin makaranta ake farawa, sai zaman kwana-kwana, sai a wayi gari uba ya ji labarin ɗansa a ofishin 'yan sanda.

Yanzu mun zo kan abin da na ɗauka shi ne zuciyar wannan sharhi: minti ashirin na bayan magariba ko bayan isha. A shimfiɗa tabarma, a kunna fitila ko tocilan waya, a ce yaro ya kawo jakarsa. Tambayar "Yaya makaranta?" ba ta da amfani, domin amsarta ɗaya ce, "Lafiya." Ce masa za ka yi, "Buɗe mini inda kuka tsaya yau. Karanta mini wannan layin."

Wani zai ce, "Ni ban yi boko ba, me zan gane?" Za ka gane da yawa. Ko ba ka iya karatu ba, ka san shafin da aka yi rubutu da wanda ba a yi ba. Kana iya ganin ko akwai jan biron malami, ko kuwa sati uku ke nan ba wanda ya duba littafin. In yaro yana karantawa, kalli idonsa da yatsarsa. Mai karatun gaske yatsarsa na bin kalma ɗaya-ɗaya, yana ɗan tuntuɓe yana gyarawa. Mai hadda kuwa idonsa na sama, yana rera abin kamar waƙa. Rufe rabin shafin da tafin hannunka, ka nuna masa kalma guda a tsakiya, ka ce, "Wannan fa?" In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ka gano abin da katin sakamako bai gaya maka ba. Kada ka dake shi. Ce masa, "Ba komai, gobe za mu je wurin malam tare."

Lissafi ma haka. Inna mai sayar da ƙosai ta fi kowa iya gwada ɗanta: "Na ba ka ɗari biyar, ka sayo gishirin ɗari da hamsin da albasar ɗari biyu, nawa ne canjina?" In ya amsa daidai, ta ce ya rubuta mata shi a takarda. Jarrabawa ke nan ta gaske, ba a kuma biya ko sisi ba.

Garinmu gari ne na harsuna da yawa. Yaro na iya tashi da Fulatanci a gida, ko Bachama, ko Bata, ko Kilba, ko Margi, ko Vere, ya yi Hausa a layi, ya tarar da Turanci a allo. Wasu iyaye na ganin sai sun daina yi wa yaro harshen gida zai iya Turanci. Kuskure ne. Ka sa ya ba ka labarin darasin yau da harshen da kuke magana a gida. In ya iya bayyana shi da Fulatanci ko Hausa, to ya fahimta. In bai iya ba, kalmomi kawai ya kwaso. Tatsuniyar kaka da hirar uwa a bakin murhu suna ƙara wa yaro yawan kalmomi da iya jera zance, kuma a kansu karatu ke tsayawa ko da wane harshe ne.

Mun ma taɓa ganin shaida a garin nan cewa karatu ba sai cikin aji ba. Bayan da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, jama'a suka kwararo Yola, wasu a sansanoni irin na Malkohi, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa, Jami'ar Amurka da ke Yola ta gudanar da shirin koyar da yara karatu da lissafi ta rediyo. Yara kan taru a unguwa, ga akwatin rediyo, ga babba ɗaya mai lura da su. Abin da ya riƙe shirin shi ne wannan babban da ya zauna tare da su a kan lokaci. Kowane gida na da irinsa, in ya ga dama.

A nan zan yi magana da mu iyaye maza. A gidaje da yawa, duk abin da na lissafa an bar wa uwa shi: ita ce mai tashi, mai wanka, mai abinci, mai neman fensir. Uba ya ba da kuɗin tara ya fice, sai dare ya dawo daga majalisa yara sun yi barci. Akwai uban da in ka tambaye shi ajin da ɗansa yake sai ya waiwaya ya tambayi matarsa. Malam, majalisa ba za ta gudu ba. Ka rage mata minti ashirin. Yaron da ya san Baba zai duba littafinsa da dare, zamansa a aji daban yake. Inda kuma uba ya rasu ko yana nesa, kawu ko baffa ko yaya ya tsaya a madadinsa, haka muka gada.

Sai hulɗa da makaranta. Yawancinmu sau biyu muke taka ƙafa can: ranar sa yaro, da ranar da aka dake shi muka je faɗa. Ya kamata ka san malamin ajin ɗanka da suna, ku gaisa, ka tambaye shi, "Malam, ina ne yaron nan yake da rauni, me zan taya ka da shi a gida?" In an kira taron iyaye da malamai a je, kada a ce ai kuɗi za su nema. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da masu unguwa da malamai da mata. Kujerarmu ce, in muka bar ta ba kowa, kada mu yi kuka da abin da aka yanke.

Uban da ya sauke nasa nauyin kuwa yana da bakin tambaya. Haƙƙinka ne malami ya zo kan lokaci ya kuma shiga aji. Haƙƙinka ne a duba aikin ɗanka, a gaya maka gaskiyar matsayinsa, kada a ba shi na biyar alhali bai iya rubuta sunansa ba. Haƙƙinka ne kada a yi masa dukan da zai bar tabo, kada a aike shi gidan malami aiki a lokacin darasi, kada a karɓi kuɗin da ba a bayyana dalilinsa ba. In aji ya cika maƙil yara na zaune a ƙasa, ko iska ta yaye rufi, ko babu ban-ɗaki, iyaye su haɗu su kai kuka ga hedimasta, daga nan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, har zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Takardar da iyaye hamsin suka sa wa hannu ta fi ƙorafin mutum ɗaya a shayi nauyi. Masu yara a makarantun kuɗi ma kada su ce sun biya sun huta. Tsadar makaranta da kyan yunifom ba su ne shaidar karatu ba, gwajin tabarma ɗin nan ya hau kansu su ma.

A gefe guda, mu riƙe mutuncin malami. Kada ka zage shi a gaban ɗanka. Mutumin da ke fama da yara sittin ko fiye a aji ɗaya, cikin zafin Afrilu, ya cancanci a ce masa sannu da aiki. In kuna da saɓani, ku yi shi a ofis, yaro bai ji ba.

Jama'a, ba na cewa abin da sauƙi. Tsadar rayuwa ta sa uba na fita tun duku-duku, uwa na fama da sana'a da goyo. Amma cikin duk abin da na ambata, kaɗan ne ke bukatar kuɗi. Abu uku nake roƙo mu ɗauka daga wannan zango: yaro ya kwanta da wuri ya kuma tafi kan lokaci da abinci a cikinsa, a buɗe littafinsa kowane dare ko da na minti ashirin ne, sannan kafin a yi hutu, kowane uba da kowace uwa su je makaranta sau ɗaya ba tare da an yi laifi an kira su ba. Wanda ya gwada ɗansa yau ya tarar bai iya karatu ba, kada ya karaya. Gara ka gano yana aji uku, da sauran lokacin gyara, da ka gano ranar da ya zauna jarrabawar shiga sakandare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba malamanmu haƙuri da lada, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba.